Motsa Jiki Bayan Shekara 60: Yawan Zama Na Kwantar da Dattijo

A yawancin gidajenmu, da zarar uwa ko uba sun manyanta, abin da suka fi ji daga bakin 'ya'yansu shi ne, "Baba, zauna ka huta," ko "Hajiya, bari yara su yi." A karɓe tsintsiya, a karɓe buta, a hana zuwa kasuwa, masallacin da ke bayan layi ma sai an ɗauko babur. Niyyar mai kyau ce, tarbiyya ce ta girmama iyaye. Sai dai jikin ɗan Adam ba ya ajiye ƙarfin da ba a aiki da shi. Dattijon da aka raba da duk wani motsi, a hankali ƙafafunsa kan mutu, har tashi daga tabarma ya gagare shi sai an kama shi. Daga nan sai a ce tsufa ne, alhali kaso mai yawa na wannan rauni daga zaman ya fito, kuma ana iya kauce masa.

Me ke faruwa da jiki idan shekaru suka ja?

Tun daga wajen shekara 30 tsokar jiki ke fara raguwa, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a duk shekara goma, kuma raguwar kan ƙara sauri bayan shekara 60. Asarar ta fi bayyana a tsokar cinya da ta ɗuwawu, waɗanda su ne ke ɗaga mutum daga zaune, su hau da shi matakala, su riƙe shi idan ya yi tuntuɓe. Ƙashi ma yana rage ƙwari, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada.

Kwanciya tana hanzarta wannan asara. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007, an kwantar da dattawa masu ƙoshin lafiya a gado na kwana 10 kacal, sai aka tarar tsokar ƙafafunsu ta ragu da kusan kilo ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa tsohon da zazzaɓi ya kwantar na mako biyu yakan warke daga zazzaɓin amma tafiya ta gagare shi.

Idan ƙafa ta yi rauni, abin da ke biyo baya shi ne faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na masu shekara 65 zuwa sama yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Mafi munin sakamakon faɗuwa shi ne karayar ƙugu. Da yawa daga cikin waɗanda suka karye a nan ba sa komawa tafiya kamar dā, kuma doguwar kwanciyar da ke biyo baya tana jawo gyambon baya, ciwon huhu da daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. Wanda ya faɗi bai karye ba ma yakan shiga tsoro ya rage tafiya, ƙafar ta ƙara rauni, haɗarin sake faɗuwa ya ƙaru.

Abin farin ciki shi ne tsoka ba ta daina amsa horo. An ga masu shekara 80 da 90 sun ƙara ƙarfin ƙafa cikin 'yan makonni bayan sun fara motsa ta a kai a kai.

Amfanin motsa jiki ga dattijo

Tafiya da ɗan sauri a yawancin ranakun mako tana sauke lambar sama ta awon jinin mai hawan jini da kimanin maki 5 zuwa 8. Tana taimaka wa tsoka ta janye suga daga cikin jini, abin da mai ciwon suga ke buƙata. Tana rage haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Horon daidaita tsayuwa kuwa yana rage yawan faɗuwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ban da waɗannan, motsi yana gyara barci, yana sauƙaƙa taurin bayan gida, yana rage damuwa, yana kuma taimaka wa ƙwaƙwalwa.

Motsa jiki bai maye gurbin magani ba. Wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini ko na suga ya ci gaba da sha. Idan awo ya nuna sauƙi, likita ne zai rage maganin.

Nawa ake buƙata?

Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 sun tanadi abubuwa uku ga masu shekara 65 zuwa sama:

1. Motsi matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, kamar tafiya da sauri. Minti 30 a rana sau biyar a mako ya cika mafi ƙarancin adadin.
2. Ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako.
3. Horon daidaita tsayuwa da ƙarfin ƙafa aƙalla kwana 3 a mako, don kauce wa faɗuwa.

Yaya za a gane motsi matsakaici ne? Numfashi zai ƙaru, jiki ya ɗau ɗumi, amma mutum yana iya hira da abokin tafiyarsa. Idan haki ya hana shi haɗa magana, ya wuce gona da iri, sai ya rage.

Ba dole ba ne a yi minti 30 ɗin a lokaci guda. Wanda masallacinsu tafiyar minti 5 ce, zuwa da dawowa minti 10 ke nan, idan ya taka da kuzari sau uku a rana ya cika. Dattijuwar da ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida na minti 10 da safe, 10 da yamma, 10 bayan abincin dare. Shara, shanya, tankaɗe, ba dabbobi abinci da ɗan aikin lambu duk motsi ne. Salla ma tana motsa gaɓoɓi kuma tana da amfani ga jiki, amma ita kaɗai ba ta ɗaga bugun zuciya yadda ake buƙata, don haka a haɗa da tafiya.

Wanda ya daɗe ba ya motsi kada ya fara da minti 30. Ya fara da minti 5, ya riƙa ƙara minti 2 ko 3 duk mako. Sannu ba ta hana zuwa, kuma kaɗan ya fi babu.

Gwajin kujera

Akwai gwaji mai sauƙi da iyali za su iya yi a gida. A samo kujera mai ƙwari marar taya, a jingina ta da bango. Dattijo ya zauna, ya rungume hannayensa a ƙirji, ya miƙe tsaye sosai ya koma ya zauna sau biyar a jere, iya saurin da zai iya. Wani ya tsaya kusa da shi yana duba agogo. Idan ya wuce daƙiƙa 15, ko ya kasa miƙewa sai ya dafa, alama ce ƙafafun sun yi rauni. Ya kamata ya fara horon da ke tafe, kuma a sanar da likita a zuwa na gaba. A maimaita gwajin bayan wata biyu don ganin ci gaba.

Motsi huɗu da ake yi a gida

Ba a buƙatar na'ura ko zuwa gidan motsa jiki. Kujera da bango da gorar ruwa sun wadatar.

1. Tashi da zama. Daga kan kujera a miƙe a hankali, a koma a zauna a hankali ba tare da faɗawa ba, sau 8 zuwa 10. A huta, a sake zagaye ɗaya. Wanda ba ya iyawa ya fara da dafa hannun kujera.
2. Ɗage dugadugai. A riƙe bayan kujera, a tsaya a kan yatsun ƙafa, a sauko a hankali, sau 10.
3. Tura bango. A tsaya nesa da bango da tsawon hannu, a dafa shi da tafuka biyu, a lanƙwasa gwiwar hannu har ƙirji ya kusanto bangon, a tura a koma, sau 10. Ana iya ƙarawa da ɗaga gorar ruwa ƙarama a kowane hannu.
4. Tsayuwa da ƙafa ɗaya. Ana dafe da bango, a ɗaga ƙafa ɗaya na daƙiƙa 10, a sauya. Idan an saba, a rage dafawar zuwa yatsa ɗaya, amma kada a yi nesa da abin kamawa.

Kada a riƙe numfashi yayin yin waɗannan, domin yunƙuri da riƙe numfashi yana ɗaga jini. Ɗan tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu a farkon farawa ba abin damuwa ba ne. Tsoka kuma tana buƙatar abin ginuwa, don haka a tabbatar kwanon dattijo bai rasa wake, ƙwai, kifi, nono, awara ko gyaɗa ba. Mai ciwon ƙoda ya bi abin da likitansa ya tsara masa.

Idan akwai ciwo fa?

Ciwon gwiwa. Mutane da yawa suna ɗauka tafiya tana cinye gwiwa. Ga mai amosanin gwiwa, motsa jiki yana cikin manyan hanyoyin magani, domin cinya mai ƙarfi tana rage nauyin da ke sauka kan gaɓar. A yi tafiya a wuri mai laushi marar gangara, a guji dogon tsugunno. Idan gwiwar ta kumbura ta yi zafi, ko ciwon ya ƙaru bai lafa ba har washegari, a rage, a ga likita.

Hawan jini. A auna kafin a fara shirin. Idan awo ya kai 180/110 ko ya wuce, a fara ganin likita a saukar da shi tukuna. Wasu magungunan hawan jini suna sa jiri idan aka miƙe da sauri, don haka a zauna a bakin gado na ɗan lokaci kafin a tashi.

Ciwon suga. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana rage hauhawar suga. Mai yin allurar insulin ko shan glibenclamide kada ya fita da yunwa, kuma ya riƙe dabino ko suga a aljihu. Rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa mai tsanani da ruɗewa alamu ne na faɗuwar suga: ya tsaya ya ci abu mai zaƙi nan take. Kada ya yi tafiya ba takalmi, kuma a duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, domin yana iya jin rauni bai sani ba.

Ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Su ma suna buƙatar motsi, amma da tsari. A nemi likita ya tura su sashen fisiyo, wanda aka fi sani da sashen gashi, a koya musu abin da ya dace da su.

Zafi, hunturu da azumi

Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar matashi, jikinsa kuma ba ya saurin huce zafi. A yi tafiya bayan asuba idan gari ya waye, ko bayan la'asar sakaliya, a sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo. Lokacin hunturu, mai asma ko tari ya rufe hanci, ranar da ƙura ta yi yawa ya motsa a cikin ɗaki. A watan azumi a mayar da tafiyar bayan buɗa baki.

Maniyyata aikin Hajji ko Umara su fara shiri tun da watanni. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kai kimanin kilomita 3, ban da ɗawafi da tafiyar jifa. Wanda bai saba tafiya a gida ba zai sha wahala a can.

Alamomin da za a tsaya nan take

A dakata a nemi asibiti cikin gaggawa idan aka ji ciwo ko nauyi a ƙirji, musamman mai tafiya zuwa hannu, wuya ko muƙamuƙi. Haki mai tsanani da bai lafa da hutu ba. Jiri ko suma. Bugun zuciya marar tsari. Ko kuma karkacewar baki, sarƙewar magana da mutuwar hannu ko ƙafa farat ɗaya. Wanda ke fama da zazzaɓi ko gudawa ya huta har ya warware, sannan ya koma a hankali.

Aikin da ke kan iyali

A bar wa dattijo ayyukan da yake iyawa. Idan Inna tana son tsintar shinkafa ko share ƙofar ɗakinta, a ƙyale ta. A haɗa Baba da jika su taka zuwa masallaci ko majalisa. Tafiyar da ake yi da abokin hira ta fi ɗorewa.

A gyara gida: a sa fitila a hanyar banɗaki, a kawar da igiyoyi da tabarmar da bakinta ya naɗe, a kafa ƙarfen kamawa a makewayi, a goge ruwa a kan tayil da siminti. A sauya silifas mai santsi da takalmi mai kama dunduniya. Wanda ke buƙatar sanda ya riƙe ta ba tare da jin kunya ba, domin sandar da ta sa shi tafiya ta fi kujerar da ta zaunar da shi. A kai shi awon ido, kuma a nuna wa likita duk magungunan da yake sha, tunda wasu, musamman na barci, suna jawo faɗuwa.

Idan ciwo ya kwantar da shi, a tambayi likita yaushe zai fara zama da takawa, kada a bar shi kwance fiye da yadda ciwon ya tilasta. Duk dattijon da ya faɗi, ko da bai ji rauni ba, a kai shi a binciki dalili. Kula da iyaye ya haɗa da taimaka musu su ci gaba da kai kansu banɗaki, su yi alwala da kansu, su tsaya a sahu muddin jiki zai iya. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana.