Harafi Ɗaya Mai Kayar Da Yara A Jarrabawar Turanci

Duk wanda ya taɓa zama a kasuwar Sabon Birni ko ta Isa, ya kasa kunne ga maganar yara masu talla, zai shaidi abu guda. Ba zai taɓa jin yaro, kome ƙanƙantarsa, ya ce "yarinya ya zo" ko "shanu ta sha ruwa" ba. In kuwa baƙo ya yi irin wannan ɓaranɓarama, to, ran nan yara sun sami abin dariya. Amma a ɗauki yaron nan a zaunar da shi a aji, a ce ya rubuta Turanci, sai ga shi ya rubuta "The girl come every day" ko "The news are bad", bai kuwa ji wani abu ya soke shi a kunne ba.

Wannan ƙa'ida da yaron ya kiyaye a Hausa ya karya a Turanci, ita ce malaman Turanci ke kira concord, watau jituwa tsakanin aikau da aikatau. Aikau shi ne mai yin aiki a cikin jimla, aikatau kuwa kalmar aikin. In aikau tilo ne, aikatau ya bi shi a tilo, in jam'i ne ya bi shi a jam'i.

Kada mai karatu ya ɗauki zancen nan wasa. Hukumar WAEC da aka kafa a 1952, da takwararta NECO ta 1999, duka suna duba wannan ƙa'ida a tambayoyin nahawu, suna kuma rage maki saboda ita a rubutun insha'i. Ɗalibin da ke neman shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko wata jami'a a ƙasar nan, sai ya sami kiredit biyar har da na Turanci, watau kada ya gaza C6. Wanda ya sami D7 sai dai ya sake zama, uba kuma ya sake biyan kuɗin rajista. Ga ɗan Isa ko Sabon Birni wannan ba ƙaramar hasara ba ce, domin tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka da yawa a wannan yanki, wasu iyalai har suka tsallaka Jihar Maraɗi. Yaron da ya jure duk wannan ya kai aji shida na sakandare, abin takaici ne a ce harafi ɗaya ya mayar da shi baya.

INDA GIZO KE SAƘA

Harafin nan shi ne "s". Hausa tana ɗora jituwa a kan wata kalma mai zaman kanta da ke gaban aikatau, wadda masana nahawu ke kira zagin aikatau: yaro ya tafi, yarinya ta tafi, yara sun tafi. Bagobiri ma cewa yake "da yara sunka tahi", kalmar ta fito sarai, kunne ba ya kuskure ta. Turanci kuwa ya ɓoye tasa jituwar a wutsiyar kalma. Ana cewa "I go, you go, we go, they go", babu abin da ya sāke, sai an zo kan mutum ɗaya da ake zance a kansa sa'an nan a ce "he goes, she goes".

Sa'an nan harafin yana aiki biyu masu saɓa wa juna. In ya hau suna, alamar jam'i ne, in ya hau aikatau, alamar tilo ne: "The boy runs", amma "The boys run". Yaron da aka koya wa tun a firamare cewa "s" yawa yake nufi, ba laifinsa ba ne in ya rubuta "The boys runs". Ga kuma matsalar furuci. Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, don haka baƙaƙen da suka taru a ƙarshen kalma kamar "wants" da "asks" suna yi wa harshenmu nauyi, sai mu haɗiye na ƙarshe. Abin da baki ya saba haɗiyewa, hannu ba ya tunawa da shi wajen rubutu.

Shi kansa Turanci da can yana da alamomi fiye da haka. A zamanin Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, ana cewa "he goeth" ana kuma cewa "he goes", daga baya na biyun ya rinjaya. Akwai kuma "thou" ta mutum ɗaya, da "you" ta jam'i da girmamawa. Da "thou" ta ɓace, sai "you" ta gaje wurinta amma ta riƙe aikataunta na jam'i. Shi ya sa ko da mutum ɗaya kake magana sai ka ce "you are" ko "you were".

INDA HAUSA KE TAIMAKO

A wurare da yawa, da ɗalibi zai tsaya ya faɗi jimlar da Hausa a zuciyarsa, da ya tsira. Muna cewa "kowa ya sani", ba ma cewa "kowa sun sani". Haka Turanci yake: "Everybody knows". "Babu wanda ya zo" tilo ne, haka ma "Nobody has come". "Ɗaya daga cikin yaran ya faɗi" ita ce "One of the boys has failed", kuma babu Bahaushen da kalmar "yaran" za ta ruɗa har ya ce "sun faɗi".

Ɗauki zancen kasuwa. Ɗan kasuwa a Isa cewa zai yi "farashin buhunan gero ya tashi", domin ya san farashi ne ya tashi. To, haka za a rubuta "The price of the bags is high". Ɗalibai kan ga "bags" kusa da aikatau su rubuta "are", sun manta da ainihin aikau. Har wa yau muna cewa "naira dubu biyar ta isa", mun ɗauki kuɗin dunƙule guda, Bature ma cewa yake "Five thousand naira is enough". Kalmomin "police" da "cattle" da "people" ba su da "s" amma jam'i ne, daidai da 'yan sanda da shanu da mutane: "The police are coming".

INDA HAUSA KE JA DA BAYA

Akwai kuma wuraren da harsunan biyu suka raba hanya, nan ne ya kamata malami ya fi tsayawa. Na farko shi ne "akwai". Kalmar ba ta sākewa, akwai mutum ɗaya, akwai mutum goma. Turanci kuwa ya raba: "There is a man", "There are ten men". Lura kuma da yadda muke ƙidaya da tilo, mutum goma, buhu biyar. Daga nan "five bag" ke fitowa.

Na biyu, sunayen da lissafinsu ya bambanta. Wando da almakashi tilo ne a wurinmu, wando ya yage, amma a Turanci jam'i ne: "My trousers are torn", "The scissors are sharp". Labarai jam'i ne a wurinmu, amma "news" tilo ce duk da "s" ɗin da ke wutsiyarta: "The news is good". Haka "mathematics" da "measles". Mukan ce "kaya sun iso" ko "kuɗina sun ɓace", Turanci kuwa bai yarda da jam'i ga "luggage" da "money" da "furniture" da "information" ba: "The luggage has arrived".

Na uku, kalmar "da". A Hausa ita ke aikin "and", ita ke aikin "with". "Sarki da 'yan majalisarsa sun iso." A Turanci in an haɗa da "and" jam'i ne, amma in an ce "with" ko "together with" ko "as well as", aikatau na farkon yake bi: "The Emir, together with his councillors, has arrived".

Na huɗu, ladabi. Yaro mai tarbiyya kan ce "Malam sun fita" ko "Baba suna ciki". Wannan ado ne a Hausa, amma Turanci bai san shi ba. Ko Sarkin Musulmi ake zance, "he is" za a ce.

Saura kaɗan sai dai hadda. "A number of pupils are absent", watau ɗalibai da dama ba su zo ba, amma "The number of pupils is sixty", domin adadin ake zance. A jimlar "neither" da "nor", ko "either" da "or", aikatau yana bin sunan da ya fi kusa da shi: "Neither the teacher nor the pupils are here". In kuma "does" ta shigo, ta riga ta ɗauke "s", sai a ce "Does he go?" da "He does not go".

ABIN DA YA RAGE GA MALAMAI

Tun Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 aka tsara a fara koyar da yaro da harshen gida kafin a koma Turanci. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta tsawaita wannan zuwa shekaru shida na firamare, sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke tsarin, ya ce Turanci ne harshen koyarwa. Ko wace manufa ke ci, yaron da ke zaune a aji a Sabon Birni da Hausa yake tunani, malamin da ya yi kamar bai san haka ba ya yar da makamin da ke hannunsa.

Dabarar ba ta bukatar kuɗi. Malami ya raba allo gida biyu, ya rubuta jimlar Hausa a dama, ta Turanci a hagu, yara su nuna aikau da kansu, su tambayi kansu: "ya" ne, ko "ta", ko "sun"? In "ya" ne ko "ta", aikatau na Turanci ya ɗauki "s" a lokaci na sabo. Sa'an nan a keɓe shafi guda a bayan littafin kowane yaro don kalmomin da suka saɓa, irin su wando da labarai da kaya. A riƙa karatu da ƙarfi kullum safe, malami na sauraron ƙarshen kalma, kamar yadda malamin allo ba ya barin almajiri ya wuce harafi bai fitar da shi ba.

Kada kuma yaranmu su zaci su kaɗai ke wannan fama. Tun bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 Gobirawa suka rarrabu, yau wasu na Sabon Birni da Isa, wasu na Tsibiri kusa da Maraɗi. 'Yan'uwansu na can da ke koyon Faransanci suna rubuta "il parle" ga mutum ɗaya da "ils parlent" ga jam'i, alhali a baki furucinsu ɗaya ne, kunne ba ya taimakonsu ko kaɗan. Namu "s" ɗin ko ba kome ana jin sa, in an saba wa baki faɗinsa.

Iyaye ma da nasu rabon. Ko uba bai yi boko ba, yana iya sa ɗansa ya karanta masa shafi ɗaya da dare, ya fassara masa da Hausa. Allah Ya ba yaranmu sa'a, Ya kawo zaman lafiya a ƙasar Gobir, amin.