Rage Sawu a Rijiyoyin Man Fetur da Gas: Bayani Domin Hakimai da Malamansu

Tun shekarar 2020 da aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta, ya bi ta Abuja da Kaduna ya nufo Kano, talakawan gundumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su ke yawan tambaya a kan inda gas ɗin nan ya ke fitowa, da yadda a ke fitar da shi. Tun da ya ke wurin Hakimi da malaminsa a kan kai irin wannan tambaya, ya kamata su san amsarta.

Abin da za a fara sani shi ne, ƙarƙashin waɗannan gundumomi dutse ne mai tauri, irin wanda a ke gani a Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. Man fetur kuwa ba ya kwanciya cikin irin wannan dutse. Mazauninsa dutsen rairayi ne mai ƙananan ƙofofi, kamar na bakin teku inda aka fara samunsa a Oloibiri a 1956, da na Kolmani a kan iyakar Bauchi da Gombe inda aka ba da sanarwar samunsa a 2019, da na Agadem a Nijar wanda matatar Damagaram ta fara tacewa a 2011.

Duk mai ginin rijiya ya sani ƙasa hawa-hawa ce: a wuce jar ƙasa, a tarad da marmara, sa'an nan a kai ga rairayi mai ruwa. Haka abin ya ke ga mai. Sau da yawa rijiya guda ta kan ratsa hawa uku ko huɗu ko fiye masu mai, kowane an raba shi da ɗan'uwansa da daskararren yumɓu. Ƙarfin tunkuɗowarsu ba ɗaya ba ne, don haka in aka bar su a haɗe, mai ƙarfi sai ya tura mansa cikin mai rauni, ko kuwa ruwan wani hawa ya ɓata sauran.

Saboda haka bayan an gama haƙa, an zura bututun ƙarfe an ɗaure shi da siminti, da sauran aiki. Kowane hawa sai an huda bututun daidai saitinsa da harsashi na musamman don mai ya sami hanya. Sai an sa rariya ta ƙarfe, an ɗura tsakuwa tsababba a bayanta don ta tare rairayi. Sai kuma an sa toshiya mai roba sama da ƙasa, wadda ta kan buɗe ta kama jikin bututun, ta keɓe hawan daga maƙwabtansa.

Zura kayan aiki ƙasa da fito da su shi a ke kira sawu, kamar yadda mai ɗiban ruwa ya ke ƙidaya sawunsa. Amma nan ba igiya a ke zurawa ba. Sandunan ƙarfe ne, kowace kimanin ƙafa 30, a kan ɗaura su uku uku. Rijiya mai zurfin ƙafa 12,000, watau kamar ta Oloibiri, sai an kwance ɗauri fiye da 130 wajen fitowa, a sake ɗaura su wajen komawa. Sawu guda ya kan ci awoyi masu yawa. A tsohuwar hanya a kan gama hawa na ƙasa sarai tukuna a hau na bisansa, kowane kuwa da sawunsa uku ko huɗu. In hawa huɗu ne, ga sawu goma sha biyu ko fiye ke nan.

Illar yawan sawu iri uku ce. Ta fari, kuɗi, gama injin haƙa hayarsa ta kwana ce, ko ana haƙa ko ana jan sanduna. Ta biyu, haɗari: sa'ad da a ke zaro sanduna su kan tsotso gas daga ƙasa, in ba a lura ba rijiya ta yi amai har wuta ta kama, ga kuma raunin hannu da leburori su kan samu wajen ɗauri da kwancewa. Ta uku, muddin hawa yana buɗe, ruwan aiki mai nauyi da a ke danne rijiya da shi yana shiga cikinsa yana toshe ƙofofin dutsen, mai ya ragu.

Dabarar da injiniyoyi suka fito da ita ita ce a huda dukan hawayen a sawu guda, a wanke rijiya, sa'an nan a jera rariyoyi da toshiyoyi duka a waje, kowane daidai awon hawansa, a zura su gaba ɗaya. A jikin jerin akwai tagogi masu zamewa. Wata sanda ta ciki ita ke buɗe tagar hawa na ƙasa, a ɗura tsakuwa, ta rufe ta, a ɗaga ta zuwa na gaba, ba tare da an fito da kome waje ba. A waɗansu rijiyoyi kuma ƙwallo a ke jefawa, ƙarami tukuna sa'an nan wanda ya fi shi, kowane ya zauna a mazauninsa ya buɗe tagarsa. Ta haka sawu goma sha biyu ya kan koma kamar uku ko huɗu. An fi yin wannan a rijiyoyin teku mai zurfi, kamar na tekun Meziko, inda hayar inji ta fi tsada.

Amma fa dabarar tana da sharaɗi. Lalle awon zurfin kowane hawa ya zama daidai tun kafin a zura, gama in aka kuskure, ko jerin ya maƙale, hasarar ta kan shafi hawaye duka, ba guda ba. Shi ya sa a kan ɓata kwanaki ana gwada kayan a bisa ƙasa. Rigakafi ya fi magani.

Ana roƙon Hakimai su karanta wa dagatai da masu unguwanni wannan bayani. In wani baƙo ya zo da zancen wai akwai mai a gonar wani, yana neman kuɗi ko fili, kada a ba shi kome, a kai rahoto ga hukuma. Samari masu ilmi kuma da ke sha'awar wannan sana'a, a ƙarfafa su ga lissafi da koyon aikin ƙarfe, don aiki ne na awo da haƙuri.