Hoton Fitowar Rana Daga Tsakar Gida

Yau zancenmu a kan rana ne, wannan dai da ke leƙo mana ta saman katanga kullum safiya muna tsakiyar hura wuta, ba mu ko ɗaga kai.

Lokacin da nake jegon ɗana na biyu, zaman ɗaki ya ishe ni, har nakan ji kamar jiya da yau da gobe duk abu ɗaya ne. Na san da yawanku kun san wannan ƙuncin, ko da ba ku faɗa wa kowa ba. To wata safiya bayan wanka sai na ɗauki waya na ɗauki hoton rana tana hudowa ta bayan darbejiyar gidanmu. Washegari na ƙara. Wasa-wasa sai da na shekara ina yi, a wuri ɗaya nake tsayawa, bakin ƙofar madafi.

Da na jera hotunan, wallahi sai na ga abin mamaki. Ashe ranar ba wuri ɗaya take fitowa ba. Idan kin fuskanci gabas, kudu na hannun damanki, arewa na hagu. Wajen 21 ga Disamba tana hudowa ne can ta dama, daga nan ta riƙa matsowa kaɗan-kaɗan. Wajen 21 ga Maris ta fito a gabas sak, wajen 21 ga Yuni ta kai ƙarshen hagu, sannan ta juyo. Dalili kuwa, duniya a karkace take da kimanin digiri 23 da rabi yayin da take kewaya rana. Suratur Rahman ma ta ambaci mahudan rana biyu, malaman tafsiri suka ce na lokacin zafi ne da na lokacin sanyi. Lokacin fitowarta ma yana sauyawa: a Kano, cikin Yuni ƙarfe 6 da 'yan mintoci ta fito, amma a ƙarshen Janairu sai wajen 7 saura minti 10.

Kin ga tsakanin hoton Litinin da na Talata ba za ki ga bambanci ba, sai kin haɗa na wata uku. Haka tarbiyyar yaro take, haka haddar da kike yi a Islamiyya, haka adashin da kike zubawa da kuɗin ƙuli-ƙuli ko saƙar hula. Kada ki ce ba kya ci gaba don ba ki ga canji yau ba.

Cikin hunturu kuma akwai safiyar da ƙura ta taso daga Hamada, hazo ya rufe ko'ina, hoton ya fito fari fat. Cikin Agusta hadari ya tare ta. Amma ko ranar da ban gan ta ba, gari ya waye, shanya ta bushe. Ranar da maigida ya tashi da fushi, ko kika kwana da yaro ba lafiya, ki tuna hazo ne. In kuwa ƙuncin ya ɗauki makonni, ba barci, ba cin abinci, to kada ki yi shiru, ki gaya wa maigida ko wata babba a kai ki asibiti.

Mai son gwadawa, ki zaɓi wuri ɗaya bayan kin idar da azkar ɗin safe. Kada ki ƙura wa rana ido, tana lahanta gani. Ki ɗaga wayar sama, ban da leƙen gidan maƙwabta. Wadda ba ta da waya mai kyamara, ta sa alama da gawayi a jikin katanga duk ranar Juma'a, daidai inda ranar ta ɓullo. Bayan wata uku ki aiko mana da abin da kika gani.

Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A gaida yara, a huta lafiya.