Yadda jam'iyyar Lincoln ta rasa ƙuri'un baƙar fata a Amurka

A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na shekarar 2024, fiye da takwas cikin kowane goma na baƙaƙen fatar da suka kaɗa ƙuri'a sun zaɓi Kamala Harris ta jam'iyyar Demokrat, duk da cewa Donald Trump ya ƙara samun magoya baya a cikinsu, musamman maza. Haka lamarin yake tun 1964. Sai dai mai bibiyar tarihi zai yi mamaki, domin jam'iyyar Rifablikan ce ta 'yanta bayi, Demokrat kuwa ita ce jam'iyyar iyayen gijinsu. Wannan juyin ya ɗauki kusan shekara ɗari, kuma tushensa tambaya ɗaya ce: wa aka yarda ya isa akwatin zaɓe?

Jam'iyyar da ta 'yanta bayi

An kafa jam'iyyar Rifablikan a 1854 domin hana bauta bazuwa zuwa sababbin yankunan ƙasar. Da ɗan takararta Abraham Lincoln ya ci zaɓen 1860, jihohin Kudu suka ɓalle, aka gwabza yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865. Bayan yaƙin an yi wa kundin tsarin mulki gyara sau uku. Gyara na 13 ya haramta bauta a 1865, na 14 ya ba tsofaffin bayi matsayin 'yan ƙasa a 1868, na 15 kuma ya hana a tauye wa mutum ƙuri'a saboda launin fatarsa a 1870. A wannan shekarar ce Hiram Revels, ɗan Rifablikan daga jihar Mississippi, ya zama baƙar fata na farko a Majalisar Dattawa.

Abin bai ɗore ba. A 1877 gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga harkokin Kudu, 'yan Demokrat farar fata suka karɓe ragamar jihohin. Da yake kundi ya hana su ambaton launin fata ƙarara, sai suka ɓullo ta bayan gida. Aka sanya harajin da sai an biya kafin a yi zaɓe, aka ƙirƙiro jarrabawar iya karatu wadda jami'in rajista ke da ikon cewa wane ya ci, wane ya faɗi, aka kuma keɓe zaɓen fitar da gwani ga farar fata kaɗai. Wanda ya nace kuwa, akwai ƙungiyar Ku Klux Klan da ire-irenta masu duka da ƙone gidaje da rataye mutane. A jihar Louisiana, baƙaƙen fata masu rajista sun kai kimanin 130,000 a 1896. Zuwa 1904 ba su kai 1,400 ba.

Hijira da sauya sheƙa

Daga wajen 1910 zuwa 1970, baƙaƙen fata kimanin miliyan shida suka bar gonakin audugar Kudu zuwa biranen Chicago da Detroit da New York da sauransu. A can suna iya zaɓe, saboda haka 'yan siyasa suka fara zawarcinsu. A zaɓen 1936, mafi yawansu sun bi Franklin Roosevelt na Demokrat saboda shirye-shiryensa na samar da aiki da tallafi a lokacin karayar tattalin arziki. Inda baki ya karkata, nan yawu kan zuba.

Hakan ya sa jam'iyyar Demokrat ta zama gida mai kishiyoyi biyu, baƙaƙen fatar biranen Arewa da masu aƙidar wariya na Kudu. A 1948 Shugaba Harry Truman ya ba da umarnin kawo ƙarshen wariya a rundunar soji. Gwamnan South Carolina, Strom Thurmond, ya jagoranci waɗanda suka fusata suka fice, ya tsaya takara da kansa, ya cinye jihohi huɗu.

Shekarar 1964 ce ta raba gardama. Ranar 2 ga Yuli, Shugaba Lyndon Johnson, ɗan Demokrat daga Texas, ya rattaba hannu kan dokar da ta haramta wariya a otal-otal da gidajen abinci da wuraren aiki. Gaskiya ne kason 'yan majalisar Rifablikan da suka goyi bayan dokar ya fi na Demokrat, tun da sanatocin Kudu ne suka fi yaƙar ta. Amma mutumin da Rifablikan ta tsayar takarar shugaban ƙasa a shekarar, Sanata Barry Goldwater, yana cikin waɗanda suka ƙi ta. Ya sha mummunan kaye, jihohi shida kawai ya samu: jiharsa ta Arizona da jihohi biyar na ƙuryar Kudu. Thurmond ya sauya sheƙa zuwa Rifablikan a daidai lokacin. Shekara huɗu kafin nan Richard Nixon ya samu kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙuri'un baƙar fata, kuma babu ɗan Rifablikan da ya sake kusantar wannan adadi.

Ranar 7 ga Maris, 1965, 'yan sanda suka far wa masu zanga-zangar lumana da kulake da hayaƙi mai sa hawaye a kan gadar Edmund Pettus da ke Selma a jihar Alabama, suka fasa wa John Lewis kai. Duniya ta gani a talabijin. Ranar 6 ga Agusta Johnson ya sa hannu kan Dokar 'Yancin Zaɓe. A Mississippi, baƙaƙen fata masu rajista suka tashi daga ƙasa da kashi 7 cikin 100 zuwa kusan kashi 60 cikin 'yan shekaru kaɗan.

Daga zagi zuwa zaurance

Bayan waɗannan dokoki, furta kalaman wariya a bainar jama'a ya zama abin da ke kayar da ɗan siyasa. Sai salon ya koma gugar zana. Nixon ya yi yaƙin neman zaɓen 1968 da taken tabbatar da doka da oda, a lokacin da tarzoma ke tashi a unguwannin baƙar fata. A 1980 Ronald Reagan ya je gundumar Neshoba a Mississippi, inda aka kashe matasa uku masu yi wa baƙar fata rajistar zaɓe a 1964, ya yi jawabi kan 'yancin jihohi, kalmar da masu wariya suka daɗe suna fakewa da ita. Lee Atwater, ɗaya daga cikin masu tsara wa jam'iyyar dabarun zaɓe, ya bayyana a wata hira a 1981 yadda aka bar zagi kai tsaye aka koma batun haraji da jigilar ɗalibai tsakanin makarantu, saƙon kuma yana isa inda aka nufa. A 2005 shugaban jam'iyyar na ƙasa, Ken Mehlman, ya tsaya gaban taron ƙungiyar NAACP ya amsa cewa wasu 'yan jam'iyyarsa sun ci moriyar rarrabuwar launin fata, kuma hakan kuskure ne.

Masana sun yi saɓani kan girman rawar da launin fata ya taka. Wasu na cewa bunƙasar tattalin arzikin Kudu da addini da batun zubar da ciki su ma sun ja farar fata zuwa Rifablikan, kuma sauyin ya tafi sannu a hankali, don sai a 1994 jam'iyyar ta samu rinjayen kujerun Kudu a Majalisar Wakilai. Ita ma Demokrat ba ta fita fes ba. Dokar yaƙi da miyagun laifuka ta 1994, wadda Bill Clinton ya sa wa hannu kuma Joe Biden ya taka rawa wajen tsara ta a Majalisar Dattawa, tana cikin waɗanda masu fafutuka ke zargi da ƙara cika gidajen yari da matasan baƙar fata. Da yawansu na kokawa cewa jam'iyyar ba ta tunawa da su sai zaɓe ya ƙarato.

Tuta da gumaka

Rikicin ya shiga al'adu ma. Sai da wani matashi farar fata ya harbe masu ibada tara a wani cocin baƙar fata a Charleston a watan Yunin 2015, sannan South Carolina ta sauke tutar 'yan awaren Kudu daga harabar majalisarta. Bayan kisan George Floyd a Minneapolis a watan Mayun 2020, Mississippi ta sauya tutarta, aka kuma sauke gunkin Janar Robert E. Lee a Richmond a 2021. Martanin ya zo ta makarantu, inda jihohi kamar Florida da Texas suka yi dokokin taƙaita yadda malamai za su koyar da batun wariya. Ga masu goyon baya, wannan kare yara ne daga cusa musu aƙida. Masu adawa na ganin yunƙuri ne na binne tarihi.

Komawa akwatin zaɓe

Ƙashin bayan dokar 1965 shi ne sharaɗin cewa jihohin da suka yi ƙaurin suna wajen wariya ba za su sauya dokar zaɓe ba sai da amincewar tarayya. A 2006 Majalisar Dattawa ta sabunta dokar da ƙuri'a 98 ba tare da hamayya ba, George W. Bush na Rifablikan ya sa hannu. Amma a watan Yunin 2013, a ƙarar da gundumar Shelby ta Alabama ta shigar, alƙalan Kotun Ƙoli biyar cikin tara suka soke ma'aunin da ake tantance jihohin da shi, bisa hujjar cewa zamani ya sauya. A ranar Texas ta ce za ta fara aiki da tsattsaurar dokar katin shaida. North Carolina ta yi tata, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta rushe a 2016 bayan ta gano cewa 'yan majalisar jihar sun nemi alƙaluman yadda kowane jinsi ke zaɓe, sannan suka datse hanyoyin da baƙar fata suka fi amfani da su. 'Yan Rifablikan dai na cewa manufarsu hana maguɗi ce, kuma neman katin shaida abu ne da galibin Amurkawa ke goyon baya.

Batun ya shafi 'yan Najeriya mazauna Amurka kai tsaye. A watan Oktoban 1965, wata biyu bayan dokar zaɓe, Johnson ya sa hannu kan dokar shige da fice da ta soke tsarin fifita Turawa, abin da ya buɗe wa 'yan Afirka ƙofa. Waɗanda suka zama 'yan ƙasa a Houston da Atlanta, a ƙarƙashin dokokin Texas da Georgia suke kaɗa ƙuri'a.

Georgia ta nuna abin da ake jayayya a kai. A 2020 Biden ya ci jihar da ratar da ba ta kai ƙuri'a 12,000 ba. A Janairun 2021 Raphael Warnock, limamin cocin Ebenezer inda Martin Luther King ya yi wa'azi, ya zama sanata baƙar fata na farko daga jihar. A watan Maris na shekarar, majalisar jihar ta yi sabuwar doka da ta tsaurara sharuɗɗan zaɓe ta gidan waya, ta taƙaita akwatunan ajiye ƙuri'a, ta kuma haramta miƙa wa masu tsayuwa a layin zaɓe ruwa ko abinci.