Ma'ana da Amfani da Aikatau na Ingilishi "Borrow" ga Ɗalibai Masu Jin Hausa a Mubi

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da Ingilishi a makarantun Mubi da kewaye ya san jimlar nan, "Borrow me your biro." Ana jin ta daga firamare har zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, wadda aka kafa a garin a 2002. Galibi malami yakan ja mata jan biro ne kawai ya wuce, washegari kuma ɗalibi ya maimaita ta. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa kuskuren ba na sakaci ba ne, yana da tushe a nahawun Hausa, kuma daga can ya kamata a faro gyaransa.

Mubi gari ne mai tarin harsuna. Akwai Fulatanci da Gude da Fali da Nzanyi da Margi da Kamwe, amma Hausa ce ke haɗa yawancin yara a kasuwa da filin wasa. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, da bugunta na 2004, ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen muhallinsa a shekarun farko na firamare. Saboda haka yaro kan iso ga Ingilishi ne ta kan gadar Hausa, ko da kuwa ba Bahaushe ba ne.

2.0 Ma'anar Kalmar

"Borrow" na nufin karɓar abin wani da niyyar mayarwa. Asalinta a tsohon Ingilishi yana da alaƙa da jingina ko lamuni, wato abin da ake ajiyewa don tabbatar da za a biya. Abin lura shi ne, aikau na wannan aikatau koyaushe shi ne mai karɓa, kuma kalmar "from" ce ke nuna mai kayan. Idan ana son mai bayarwa ya zama aikau, to dole a ɗauko wata kalma daban, wato "lend".

A Hausa kuwa saiwa ɗaya ce ke ɗaukar nauyin duka biyun. Dubi waɗannan misalai:

1. Na ari littafi daga wurin Musa. I borrowed a book from Musa.
2. Musa ya ara mini littafi. Musa lent me a book.

Bisa tsarin rukunan aikatau da F. W. Parsons ya fito da shi a 1960, aikatau na misali na 1 ɗan rukuni na biyu ne, wanda wasalinsa na ƙarshe ke sauyawa: na ari littafi, na are shi, littafin da na ara. Na misali na 2 ɗan rukuni na ɗaya ne, yana tafiya da "wa" ko "ma". Karin sauti ma ya bambanta su, na karɓa yana farawa ƙasa ya hau, na bayarwa yana farawa sama ya sauka. To amma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, kuma a jimlar umarni, irin "Ara mini biro", ko a baki ma bambancin ya ɓace. Ita kuwa wannan jimla ita ce yaro ya fi furtawa a aji. Da zarar an gaya masa cewa "borrow" ita ce "ara", sai ya jera kalmominsa bi da bi: ara, "borrow", mini, "me". Ta fuskar Hausa bai yi laifin komai ba. Burokan Ingilishi da yake ji a tasha da kasuwa kuma yana ƙara tabbatar masa da hakan.

Irin wannan ne ke faruwa da "koya". Na koyi karatu, "learn". Na koya masa karatu, "teach". Malamin da ya gane ɗaya ya gane ɗayan.

3.0 Inda Hausa ta Fi Tsefe Magana

Sau da yawa littattafan karatu kan sa yaro ya ɗauka cewa Ingilishi ne kullum ya fi yawan kalmomi. A nan ba haka ba ne. Hausa ta raba aro da rance. Aro shi ne wanda ake mayar da ainihin abin, kamar fartanya ko keke ko zane, shi ya sa ake cewa zanen aro ba ya rufe katara. Rance kuwa madadin abin ake mayarwa, kamar kuɗi ko tiyar masara. Ingilishi bai damu da wannan bambanci ba: na ranci naira dubu da na ari keke duk "borrow" ne, na ranta masa da na ara masa duk "lend" ne. Ashe ke nan kowane harshe ya tsaga abin ne ta gefensa. Hausa ta duba abin da za a mayar, Ingilishi ya duba hannun da ya miƙa da wanda ya karɓa.

Akwai kuma wuraren da "borrow" ba ta shiga sam. Wanda ya ɗauki shago haya "rent" ya yi. Mahaucin da ya karɓi sa a kasuwar shanu ta Mubi da alkawarin biya daga baya saye ya yi bashi, "buy on credit", domin ba san zai mayar ba. A ɗaya gefen kuma akwai aron da ba a mayarwa, kamar kalmomin aro a nazarin harshe, da aron ɗaya a lissafin ɗebewa, kuma harsunan biyu sun yi tarayya a nan.

4.0 Abin da ya Shafi Manhaja

A ganinmu, babban kuskuren shi ne koyar da "borrow" ita kaɗai a jerin kalmomi da fassararta a gefe. Ya kamata ta zo tare da "lend" a darasi ɗaya, kowacce cikin cikakkiyar jimla: "borrow" da "from", "lend" da "to" ko da mai karɓa kai-tsaye. A fito da yara biyu gaban aji da littafi ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya yi, sannan su yi musanya. A kula da cewa shuɗaɗɗen lokacin "lend" shi ne "lent", don ana yawan cin karo da "lended" a takardun jarrabawa.

Haka kuma akwai aikin da ke wuyan malamin Hausa. Idan ya koyar da bambancin "ara" da "ara wa", da "ranta" da "ranta wa", a zangon da malamin Ingilishi zai gabatar da waɗannan kalmomi, ɗalibi zai riga ya san cewa aiki biyu ne kafin a ba shi suna biyu. Wannan yana buƙatar masu tsara manhajar darussan biyu su zauna tare su daidaita makonnin.