Mu Je Wurin Shugabanni Tun Kafin Kaka

'Yan'uwa manoma, kowa ya san lokacin da rigima ta fi tashi tsakanin manomi da makiyayi. Lokacin kaka ne. An yanke gero, amma dawa da wake suna gona tukuna, ga shanu kuma sun fara gangarowa daga arewa. Dare ɗaya garke ya faɗa gona, wahalar damina duka ta tafi a banza. Sai rai ya ɓaci, a ɗauko sanda da adda.

Sau da yawa ba a zuwa wurin shugabanni sai ɓarna ta auku. A lokacin kuwa fushi ya riga ya toshe kunnen kowa. Ya kamata ƙungiyoyinmu na gama kai su je tun watan Agusta.

Wa ke da iko?

Gafasa mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Ajingi, tana da kansilanta. Dokar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da fili a karkara domin noma da kiwo. Saboda haka maganar burtali da mashaya ta shafi kansila da shugaban ƙaramar hukuma. Mai unguwa da dagaci da hakimi kuwa su suka san iyakar gonar kowa. Bisa dokar jihar Kano ta 2024, Ajingi tana ƙarƙashin masarautar Gaya. Arɗo shi ne bakin Fulani. In ba ya wurin, zaman bai cika ba.

Darasi daga Maraɗi

A watan Oktoba na 1991, rikicin manoma da makiyaya ya ci ran mutum fiye da 100 a Toda, cikin jihar Maraɗi ta Nijar, yawancinsu mata da yara. A 1993 Nijar ta kafa dokar karkara, wadda ta kawo kwamitocin filaye da ke haɗa hukuma da sarakuna da manoma da makiyaya. Kowace shekara hukuma takan sanar da ranar sakin gonaki. Rigima ba ta ƙare ba, amma kowa ya san ranar da dabba za ta shiga gona.

Abin da za mu roƙa

1. A sa ranar sakin gonaki, a yi shelarta a kasuwa.
2. A zaga burtali tare da dagaci da arɗo, a kafa alama. Wanda ya nome burtali ya janye, ko da ɗan ƙungiyarmu ne.
3. A naɗa dattawa daga ɓangarorin biyu su riƙa kimanta ɓarna tun sawun shanu bai ɓace ba.
4. A rubuta abin da aka shirya, kowa ya sa hannu.

Mu aika mutum uku ko huɗu masu sanyin baki, har da mace, gama mata ma suna da gonakin wake da gyaɗa. Mu fara da mai unguwa, kada mu tsallake kowa. Kada mu je da ƙarar wata kabila, mu je da shawara. Mu ma mu cika namu alkawari, mu kwashe amfani kafin ranar ta zo.

Gonarmu tana bukatar taki, saniyar makiyayi tana bukatar kara. A taronku na wannan wata, ku zaɓi waɗanda za su je.