Zazzaɓin Yaro: Me Ya Sa Tafin Hannu Bai Isa Ba

A watan Afrilu, zafin rana a Wurno, Rabah da Goronyo kan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyos, har uwar da ta ɗora tafin hannu a goshin ɗanta ta kasa rabe zafin jiki da na gari. Da damina kuma sauron fadamun kogin Rima da na Sakkwato kan yawaita masassara. Shi ya sa kowane gida ke buƙatar ma'aunin zafin jiki, da sanin yadda ake karanta shi. Jikin lafiyayye yana wajen digiri 37, daga 38 kuwa zazzaɓi ne. Sai dai wasu ma'aunan da lissafin Faranhait na Amurka suke nunawa. In ka ga harafin F, cire 32, ka ninka da 5, ka raba da 9: 104 ta koma 40, 98.6 ta koma 37.

Wani zai ce da hannu kakanninmu suka reni 'ya'ya. Hannu na jin zafi, amma ba ya bambance 38 da 40, ba ya kuma nuna wa ma'aikacin asibiti ko zafin hawa yake ko sauka. Wani kuma ya ce ma'auni ba ya faɗin cuta. Haka ne, gwajin jini ke tabbatar da maleriya. Amfanin ma'auni shi ne hana jinkiri, musamman ga jaririn da bai kai wata uku ba, wanda da zarar ya kai 38 sai a garzaya da shi asibiti.